Labarin da ba ya sallama: Kurfai daga Babule zuwa WhatsApp

Ƴan uwa ɗalibai, na ga yawancinmu waƙa da gajeren labari suka kawo ma wanga ɗan littafi namu. Ni ilimin harshe nake karantawa, kuma daga Filinge na fito, don haka tarihi zan kawo, tarihin abu guda: hanyar da mugun labari ke bi ya iso ƙasar Kurfai, da abin da yake yi ma zuciyar yaro in ya iso. Ga wanda bai san wurin ba, Filinge tana cikin kwarin Dallol Boso, a jihar Tilaberi, wajen kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai in an bi ta Baleyara. A takarda Kurfai muke rubutawa, a gida Kurhwai muke cewa. Masifa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakanninmu sun ga yunwa, sun ga fara, sun ga bulalar Nasara. Abin da ya sake a zamaninmu shi ne yadda labarin masifar ke shigowa gida, kuma ina ganin wannan sauyin ya isa ya hana saurayi barci ko da harsashi bai taɓa wucewa ta kansa ba.

Zamanin baki da kunne

A da, in mutum ya rasu a nesa, a Gana ko Ikko, ba yaro ake aikawa da labarin ba. Dattijo ke zuwa. Ya yi sallama, a shimfiɗa mishi tabarma, a kawo ruwa, a gaisa har gaisuwa ta ƙare. Sannan ya nemi babban namijin gidan su keɓe. Uwa kuwa ba a faɗa mata kai tsaye. A ce mata jikin wane ya yi nauyi, a jira mata su taru kusa da ita, sannan a ce "sai haƙuri". Kalmar "mutu" ba ta fitowa daga bakin kowa. Ya rasu, wa'adi ya cika, ya riga mu gidan gaskiya. A aji muna kiran wannan sakaya zance, muna rubuta shi a jarrabawa kamar ado ne na harshe. Alhali aiki yake yi: yana ba zuciya lokacin da za ta shirya, yana kuma tabbatar da cewa akwai wanda zai riƙe ka in ka faɗi.

Babbar masifa ma haka aka yi da ita, sai dai ita suna ake raɗa mata. Yunwar 1913 zuwa 1914 Hausawa sun ce mata Kakalaba, maƙwabtanmu Zabarmawa suka ce Gande Beeri. Ta 1931, wadda ta biyo bayan fara kuma haraji bai tsaya ba, Zabarmawa suka ce Doa Jiire, wato shekarar fara. Ta 1984 aka ce El Buhari, saboda a shekarar ce gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakar Najeriya, hatsi ya daina shigowa. Masanin tarihi Boureima Alpha Gado ya tattara irin waɗannan sunaye a littafinsa na tarihin yunwa a Sahel da ya fito a 1993. Abin da ke ba ni sha'awa shi ne, duk abin da aka ba suna an yi mishi iyaka. Tsohuwa za ta ce "an haife shi shekara biyu bayan El Buhari". Ka ga ke nan yunwar tana da farko, tana da ƙarshe, tana da baya. An ajiye ta a wuri guda cikin ƙwaƙwalwa.

Babule, da ranar da aka fara ɗaukar hotonmu

A 1925, a ƙauyen Shikal kusa da Filinge, wata mata mai suna Shibo ta fara hawan wasu iskoki da ba a san su ba a bori. Matasa suka bi ta. Iskokin nan sojoji ne da manyan Nasara: akwai Gwamna, akwai Kafaran Gardi, akwai Lokotoro. In sun hau mutum sai ya yi fareti, ya sara, ya ba da oda da wani irin Faransanci. A Kurfai aka ce musu Babule. A sauran wurare sunan da ya bi su shi ne Hauka, kalmarmu ta Hausa. Ba hukuncin bori na zo yi ba, wannan na malamai ne. Tarihin nake so mu duba.

Lokacin Gado Namalaya ke riƙe da kanton ɗin Kurfai da goyon bayan Faransawa, mutane na fama da haraji da aikin dole. Mabiya Shibo suka ƙi bin umarninsa, ya kai ƙara. Kwamandan Yamai, Horace Crocicchia, ya sa aka kamo su aka kulle, aka wulaƙanta su. Da suka fito sai ga sabon iska ya ƙaru cikin jerin: Kwamanda Mugu, wato shi Crocicchia ɗin da kansa. A 1927 aka sake murƙushe su, aka kori wasu daga ƙasar. Finn Fuglestad, wanda ya yi rubutu a kansu a 1975, ya karanta abin a matsayin tawaye ga mulkin mallaka da sarautar da ya kafa. Ni kuma ina ƙara ganin wani abu a ciki: matasa ne da tsoro ya cika ma ciki, suka ɗauki abin da ke firgita su suka ba shi suna da tufafi da lokacin zuwa da lokacin tafiya.

Ƴan ci-rani suka kai Babule har Ankara ta ƙasar Gana. Can Bafaranshe Jean Rouch ya ɗauke su a fim a 1954, fim ɗin da ya sa ma suna Les Maîtres fous. Da aka nuna shi a Paris a 1955, ɗaliban Afirka da ke zauren ransu ya ɓaci, malamin Rouch ɗin ma, Marcel Griaule, ya nemi a lalata fim ɗin. Turawan Ingila suka hana nuna shi a ƙasashen da suke mulki, amma a 1957 ya ci kyauta a Venis. Bature da ke zaune a silima kumfar baki ya gani da idanu a juye. Bai san Shikal ba, bai san kurkukun Yamai ba. Daga baya Ousmane Sembène ya gaya ma Rouch a fuska cewa irinsu suna kallon ƴan Afirka kamar ƙwari. Muna cewa gani ya kori ji. To ga inda karin maganar ta gaza: hoton da aka yanko daga wurinsa yana iya korar gaskiya ma.

Rediyon baba

BBC ta fara Hausa a 1957, Rediyo Nijar ta buɗe a 1958, ita ce ta koma Muryar Sahel a 1974. Tun 1962 aka kafa ƙungiyoyin masu sauraro a garuruwa, a taru a ji shiri sannan a tattauna. Rediyo ya kawo labarin nesa da sauri, amma yana da ladabi irin nasa. Yana da lokaci: safe, rana, dare. Na maigida ne, a tsakar gida ake jinsa, in an faɗi abin tashin hankali akwai babba a wurin da zai ce "Allah ya kyauta, wancan nesa ne da mu". In shiri ya ƙare a kashe, don a tanadi batir.

Farin 1973 ya kawo masu kyamara daga Turai, amma hotunan can suka tafi, mutanen da aka ɗauka ba su gan su ba. Yunwar ce ta share hanyar juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, wanda ya kawo Seyni Kountché, ɗan Fandu a nan yankin Filinge. A 2005, bayan fara da ƙarancin ruwa na 2004, Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi ta roƙon taimako ba a kula ba, sai da BBC ta nuna hotunan yara masu tamowa daga Maraɗi a watan Yuli sannan kuɗi suka fara shigowa. Shugaba Mamadou Tandja kuwa ya musanta cewa yunwa ce. Ina goye a bayan inna a lokacin, amma na kawo wannan don kada a ce ina gaba da ƴan jarida. Hoto ya ceci rai a 2005. Tambayata ita ce wa ke kallo, sau nawa, kuma wa ke kusa da shi.

Shekarun da muka girma a ciki

A 2012 ƴan gudun hijirar Mali suka sauka a Abala, arewa da mu, garin da har 2011 yana cikin gundumar Filinge. A watan Maris 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu gundumomin Tilaberi, har da Abala. Ran 4 ga Oktoba 2017 aka yi kwanton ɓauna a Tongo Tongo, aka kashe sojan Amurka 4 da ƴan Nijar da ke tare da su. Ran 10 ga Disamba 2019, Inates, soja 71. Ran 25 ga Disamba, Sanam, jami'an tsaro 14 da ke rakiyar masu rajistar zaɓe. Ran 9 ga Janairu 2020, Shinagodar, soja 89. A farkon shekarar aka hana hawan babur a yawancin jihar. Ran 2 ga Janairu 2021 aka kashe farar hula wajen 100 a Choma Bangu da Zarumdarai. Ran 15 ga Maris 2021 aka tare masu dawowa daga kasuwar Banibangu, mutum 58. Ɗaruruwan makarantu suka rufe a jihar.

Ku lura da yadda na jero su: wuri, rana, adadi. Haka muka haddace su, don haka suka zo mana. Babu ɗaya da ya samu suna irin na Kakalaba, saboda kafin a gama zaman makokin wannan, wani ya faɗo. Ku kuma lura da wa ke da suna a ciki. Amurkawa huɗu na Tongo Tongo duniya ta san sunayensu da fuskokinsu da matansu. Da aka kashe Faransawa 6 masu aikin agaji da ƴan Nijar 2 a Kure ran 9 ga Agusta 2020, kwana da kwanaki kafofin Turai na kai. Namu kuwa lamba ne. Yaron da ya tashi yana jin haka, ba sai an gaya mishi nawa ransa yake a kasuwar duniya ba.

Duk wannan ya zo daidai da lokacin da salula mai intanet ta shiga hannun kowa. Ina lise lokacin Shinagodar. Da dare a fada, shayi na kan wuta, hotuna suka fara shigowa ta WhatsApp. Cikinmu akwai wanda yayansa soja ne a wancan yanki. Na ga yaron nan yana buɗe hoton gawa ɗaya bayan ɗaya, yana ja da yatsu biyu don fuska ta ƙara girma. Ba wanda ya ce mishi ya bari, mu duka yara ne. Kwana uku ba rezo a inda yayan yake. Ran na huɗu ya kira, ashe yana wani sansani, lafiya lau. Daga baya wani ya nuna mana cewa biyu daga cikin hotunan ba ma na Nijar ba ne. Amma abokin nan namu ya yi watanni yana firgita cikin barci, ya daina cin abinci sosai, karatunsa na shekarar ya lalace. A gida aka ce mishi "to ba ga shi da rai ba, mi ya rage?" Babu dattijo, babu tabarma, babu "jikinsa ya yi nauyi". Labarin ya shigo ba sallama, ya tarar da yaro shi kaɗai da waya.

Kada mu manta kuma, masu kashe-kashen da gangan suke ɗaukar hoto. A Maris 2018 ƙungiyar da ta kai harin Tongo Tongo ta saki bidiyon da ta haɗa da abin da kyamarar hular wani sojan Amurka ta ɗauka. Tsoro shi ne hajarsu. Duk wanda ya tura irin wannan ga rukuni ya yi musu dako kyauta.

Abin da masu bincike suka gano

Bayan bam ɗin Oklahoma a Amurka a 1995, wanda ya kashe mutum 168, likita Betty Pfefferbaum da abokan aikinta sun bincika ƴan makarantar birnin, suka ga yawan kallon abin a talabijin yana tafiya tare da alamun firgici, har ga yaran da ba su rasa kowa ba. Bayan bam ɗin gasar gudu ta Boston a Afrilu 2013, Alison Holman da Dana Garfin da Roxane Cohen Silver na Jami'ar Kaliforniya sun tambayi mutum sama da 4,000. Waɗanda suka riƙa bin labarin awa 6 ko fiye a kowace rana cikin makon farko sun nuna tashin hankali fiye da waɗanda ke wurin da bam ɗin ya tashi. A 2019 Silver da abokan aikinta suka nuna cewa abin zagaye yake yi: kallo na kawo fargaba, fargaba na sa ka koma kallo.

Wancan Amurka ce, inda mai kallo yawanci yana nesa. Mu muna kallo kuma muna maƙwabtaka da abin. Hanyar da aka nuna a bidiyo ita kawu zai bi ran kasuwa. Shi ya sa ba za a ce mana kawai "ku kashe waya" ba, don wani lokaci saƙon murya ɗin nan, bokal, shi ke gaya maka kada ka fita yau.

A cikin tsaranmu ga abin da nake gani. Akwai masu faɗuwar gaba, waya na ƙara su zabura, ƙarar salansar babur ta sa su duƙa. Akwai waɗanda zuciyarsu ta bushe, su ga gawa su wuce zuwa bidiyon dariya, har su yi barkwanci da ita. Wannan ma ciwo ne, ba jarunta ba. Akwai kunya: ka ce daga Filinge kake a jami'a, a ce "kai, jan yanki", kamar ba mu da garken shanun Azawak na Tukunus, ba mu da gero, ba mu da biki. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne zargi. Bokal guda da ba a san mai shi ba zai kira sunan ƙabila, washegari yaron Bafulatanin da kuka yi firamare tare ya shigo fada a yi shiru. Kurfayawa da Zabarmawa da Buzaye da Fulani sun daɗe suna shan rijiya ɗaya a dallol ɗin nan, da wasan taubasantaka a tsakaninsu. Abin da yunwar 1931 ba ta raba ba, kada waya ta raba.

Shiru ma ba magani ba ne. An dakatar da RFI da France 24 a Nijar a Agusta 2023, aka dakatar da BBC na wata uku a Disamba 2024. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan. Abin da na lura da shi a gida dai, duk lokacin da labari mai suna da mai shi ya ragu, jita-jita ce ke cike gurbin, ita kuwa ba ta da edita.

Kalmomin da muke da su

Matsalarmu ta farko, in aka ce ciwon ƙwaƙwalwa sai a ji hauka. A Yamai ana tsokanar mutum da Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibiti. Saurayi zai gwammace ya haɗiye abinsa da a jingina mishi wannan kalma, ga shi an rene mu da cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Shekara ɗari ke nan tun da aka kira mutanen Shikal Hauka, har yau kalmar na rufe bakin mutane.

Alhali Hausa ba ta da talaucin kalmomi a nan. Tsoro na abin da ke gabanka ne. Fargaba ta abin da kake jin zai zo ce. Zullumi shi ne ka kwana kana juya abin da kake jira. Firgita zabura ce ta farat ɗaya, a farke ko cikin barci. Ɗimuwa ita ce ka rasa gabas da yamma bayan abu ya same ka. Ƙunci kuma nauyi ne a ƙirji da ba ka san inda za ka sauke ba. Babu ɗaya cikinsu da ke nufin hauka. In aboki ya iya cewa "zullumi ke damuna tun da na ga bidiyon nan", ya yi abin da kakanni suka yi ma yunwa: ya ba abin suna, ya yi mishi iyaka.

Don haka ga abin da nake roƙonmu, mu da muka yi karatu kuma ƙannenmu ke kwaikwayo. Mu mayar ma labari da lokacinsa kamar rediyon baba. Ko Hukumar Lafiya ta Duniya, lokacin korona a 2020, shawarar da ta bayar ke nan: a duba labari sau ɗaya ko biyu a rana daga majiya tabbatacciya. Mu kashe abin da ke sauke hoto da bidiyo da kansa a WhatsApp, don ka zaɓi abin da idonka zai gani. Kafin ka tura komi, tambayi wa ya faɗa, yaushe, a ina. Hoton gawa kuwa kada ya wuce ta hannunka ko da gaskiya ne, don gawar tana da uwa, kuma uwar na iya kasancewa cikin rukunin ko ƴarta na ciki. In ka riga iyalin mutum jin rasuwarsa, ajiye waya ka nemi dattijo. In ƙaninka ya riga ya gani, zauna da shi, ka tambaye shi mi ya gani, ka gaya mishi abin da ke gaskiya da abin da ba a tabbatar ba. Wanda kuma rashin barci da firgita suka bi shi makonni, mu raka shi wurin likita kamar yadda za mu raka mai zazzaɓi, addu'a na tafe, magani na tafe.

Hutu na zuwa. Duk wanda zai je gida, Filinge ko Walam ko Tera ko Tawa, ya zauna da tsohuwa guda ya tambaye ta abu biyu: yadda ake faɗin rasuwa a harshensu, da sunayen da suka raɗa ma miyagun shekaru. Da Hausa, da Zabarmanci, da Fulatanci, da Buzanci. Ku rubuto yadda ta faɗa, kada ku gyara mata. In mun dawo mu haɗa su a fitowa ta gaba, ni na ɗauki nauyin bugawa da kuɗin fotokofi na shafukan.